Wa Ke Kwance a Rami na Tara?

Unguwar Ramu Tara, Goronyo.
Ranar Lahadi.

Zuwa ga mai daraja Inno Bilkisu, ƙanwar kakana Iliyasu, fitilar zuriyarmu da ke haskaka Wurno, wadda ke kirana maigidanta alhali ko ruwan zafi ba ta taɓa dafa mani ba.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da ladabi da biyayya, ina fatan wagga takarda za ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da gwiwoyinki. Mu nan lafiya lau. Baba Faruk yana gaishe ki. Ciwon bayansa ya yi sauƙi ƙwarai, sai fa idan an ambaci aiki.

Inno, tun da anka yanke sabis a wanga yanki, shagona na cajin waya ya koma masaukin kaji. Ganin haka na naɗa kaina, ba tare da hamayya ba, Babban Mai Binciken Tarihin Unguwar Ramu Tara, na kuma naɗa Mode direba gidan wayata. Shi zai miƙa maki wannan, shi zai karɓo amsa.

Ga abin da ya tilasta mani wanga babban muƙami. Kin ji labarin an ba ni Mashkura, ɗiyar Malam Abdulƙadiri. Sharaɗinsa ɗaya ne: in gina mata ɗaki nata na kanta. Tubalina na laka yana nan jere yana shan rana. To amma unguwa ta cika maƙil da 'yan'uwanmu da sunka baro ƙauyuka, ko akurki babu na haya, kuma fili ɗaya da ya rage mana shi ne na bayan gida, gab da tsamiya. A tsakiyar filin nan kuwa akwai Kushewar Baƙo.

Ban san ko kin san ta da wanga suna ba. Duwatsu ne jere, kudu da arewa, tsawon mutum da ɗan ƙari, kamar yadda ake kewaye kabari. Ƙasar ciki baƙa ce wuluk, kuma duk damina ko tsinken ciyawa ba ya tsira a kanta, abin da jama'a ke ɗauka alama ce ta bawan Allah. Mai wucewa yana sallama. Gwaggo Mairo, matar marigayi Habibullahi masunci, tana zuwa duk Juma'a ta share wurin, ta ɗan zauna, ta tafi. Liman Nasrullahi ya ce muddin yana numfashi ba mai kafa diga a nan. Na tambaye shi, cikin ladabin da anka san ni da shi, wane ne baƙon. Ya ce da an san shi ai da ba a kira shi baƙo ba.

Bincikena mai zurfi ya gano cewa babu mahaluki ɗaya a unguwar nan da ya halarci jana'izar. Kaka Iliyasu, Allah ya jiƙansa, ya taso daga Shinaka ya iske duwatsun, ya girmama su, bai tambayi kowa ba. Ke kuwa an ce kin zauna nan ke da mijinki Attahiru tun ana ginin dam, kafin ku bar wa Kaka wurin. Saboda haka ke ce kaɗai jami'ar da ta rage mani.

Ina roƙon amsar waɗanga tambayoyi. Ina ramukan nan tara? Muna cewa injin niƙa yana Rami na Ukku, masallaci yana Rami na Biyar, gidanmu yana Rami na Tara, amma ban taɓa ganin ramin da ya wuce na gyare ba. Wasu sun ce rijiyoyi ne, wasu sun ce marina ce. Don mi lungunanmu ke lanƙwasa kamar lauje? Mine ne asalin fararen ƙwallayen nan masu zanen ƙyanda da ake tonowa a gona, waɗanda mata ke sa wa kaza don ta zauna kwanci? Na ji ana cewa Turawan dam sun yi wasan da 'yan rediyo ke kira ƙwallon lambu a nan, amma wanda nake gani a talabijin bisa ciyawa koriya shar ake yinsa, mu kuwa nan akuya ma sai ta yi bincike kafin ta samu ganye.

Daga ƙarshe, kuma mafi nauyi: wa ke kwance a bayan gidanmu?

Naki mai neman ilimi da mata a lokaci guda,
Mujaheed Faruk.

Wurno.
Laraba.

Zuwa ga Mujaheed mai dogon baki.

Wa alaikumus salam. Lahiya lau nike, gwiwa dai sai haƙuri. Ka gaida Faruk, ka ce mishi shi rage kwanciya. Takardarka ta iso. Rabin kalmominka ko malamin yaƙi da jahilci da yak koya muna rubutu bai san su ba, amma na gane kana son aure.

Ramu kam na gan su da idona. Ba rijiya ba, ba marina ba. Ɗan rami na, hannunka ba shi shiga sai ka matse, da sanda mai tuta tsaye ciki. Attahiru, Allah shi jiƙan shi, shi ad da aikin gyaran hilin, ni kuwa ina sai da hura gindin tsamiyarku.

Turawan dam in sun tashi aiki sai su hito da gajerun wanduna, da sanduna cikin jikka kamar masu zuwa harbi. Mutum shi aje ɗan ƙwallo hwari kamar ƙwan zabo, shi daɗe shina kallo nai kamar zai yi magana, sannan shi maka mishi sanda, shi bi shi da ƙahwa cikin rana. In ya iske shi, shi ƙara maka mishi. Na tambayi Attahiru, in suna son abin nan don mi suka korar shi, in ba su so don mi suka bin shi? Yac ce in yi shiru, da wanga hauka muka cin tuwo. Ran nan wani ƙato mai jan wuya ya bugo ƙwallo yah hwaɗa cikin ƙwaryar nonona. Yaz zo shina ta ba ni haƙuri da hannu, yana son abinshi. Na tsamo mishi da ludayi.

Da sunka gama dam sunka tahi, mutane sunka riƙa gini bisa hanyoyin da anka share ma ƙwallo, don nan na babu kututture babu ƙaya. Hanyoyin kuwa da gangan anka lanƙwasa su, wai don wasan shi yi wuya. Shi yas sa lungunanku ba su miƙe ba. Sandar mai unguwarku mai kan ƙarhe ma, in ita ta wadda na sani wurin ubanshi, ta Turawan ta, juya ta anka yi.

Duwatsun da kaka tambaya, in na bayan gidan Iliyasu na, ni na jera su da hannuna. Ina jerawa ina kuka, Attahiru na saro ƙaya shina ruhewa bisa. Tun da anka kawo ni Goronyo ban yi baƙin ciki irin na ran nan ba.

Ga Mode nan shina ta yi min hon ƙohwar gida, hannuna kuma ya gaji. Sauran sai ya komo. Kada ka bari dabba ta je wurin.

Innonka, Bilkisu.

Unguwar Ramu Tara.
Ranar Lahadi.

Zuwa ga Inno Bilkisu, bayan gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya a jiki. A sauran ɓangarori kuwa, ofishin bincike yana cikin makoki.

Inno, takardarki ta iso ina ƙofar masallaci bayan la'asar. Na karanta shafin farko, na ga ramu sun bayyana, na ga Turawa na bin ƙwallo, sai farin ciki ya ɗauke ni. Na miƙe na nemi izinin dattawa in gabatar masu da sakamakon bincike. Ban tsaya duba shafi na biyu ba, domin masana irina ba su cika son jinkiri ba.

Da fari komi ya tafi daidai. Da na zo wurin ludayi har Liman ya yi dariya. Da na zo wurin sanda, Mai unguwa ya juya tasa ya duba kanta, ya ce, "Kai, ɗan Faruk, sandar ubana ce kaka ce ma abin wasa?" Amma shi ma murmushi yake. Sannan na juya takarda, na karanta da babbar murya cewa ke kika jera duwatsun, kina kuka.

Liman ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ashe ba baƙo ba ne, ɗan gida ne." Baba Faruk ya rufe fuska da hannun riga, ya ce lalle ɗa ne kika rasa kina amarya, kika haɗiye abin shekara da shekaru ba ki gaya wa kowa ba. Kafin magariba labari ya kai Rami na Ɗaya. Washegari jama'a sunka yanke shawarar a kewaye wurin da ɗan gini saboda dabbobi, kamar yadda kika yi umarni. Kin san da tubalin wa anka yi? Da nawa. Ni na riƙa miƙa masu.

Malam Abdulƙadiri ya kira ni zaurensa. Ya ce, "Mujaheed, ni ban hana ka ɗiyata ba, kuma ba ni cewa ka tone ɗan'uwanka. Amma in anka cire albasa ban ga bango tsaye ba, maganar nan sai mu aje ta." Albasa kuwa ta fara kwantar da ganye. Mashkura ta aiko mani da cewa ta ji na zama shehin tarihi, tana taya ni murna, kuma tana tambaya ko cikin tarihin za mu riƙa kwana.

Inno, yanzu ba wasa nake ba. In ɗanki ne, ki gaya mani sunansa, in riƙa yi masa addu'a da suna, in haƙura da filin har abada. Ki gafarce ni da na tayar maki da abin da ya kwanta.

Naki,
Mujaheed.

Unguwar Ramu Tara.
Ranar Alhamis.

Inno, ina gaisuwa. Kasuwa ta ci ta sake ci ban ji daga gare ki ba. Mode ya ajiye mota, ya ce hanya ba ta da daɗi, ba zai fita ba sai ta lafa. Wannan ta hannun wani mai kai kifi Rabah na aiko, ya ce zai ratse Wurno.

Ko fushi kike da ni? Ko jikin ne? Baba ya ce shirunki ma amsa ce. An fara cire albasa a fadamar gabas. Ni dai ki aiko ko da kalma ɗaya ce, in san kina lafiya. Maganar fili ta biyo baya.

Mujaheed.

Wurno.
Litinin.

Zuwa ga Mujaheed, shehin masu karanta rabin takarda.

Lahiya ta samu. Zazzaɓi yak kada ni, ga Mode bai komo ba, sai da na tashi na karance takardunka biyu rana guda. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni, sannan na yi istigifari, don al'amarin kushewa ba abin dariya ba na.

Ka ce ma Faruk shi share hawaye nai. Ɗiyana duk da Allah yab ba ni ya san su, ya ci tuwon sunansu. Babu kowa kwance nan. Ba mutum, ba dabba.

Ga yadda anka yi. Tunda ciyawa ba ta zama ƙasarmu, Turawa sai sunka sa a zuba rairai kewayen kowane rami, a kwaɓa shi da baƙin man injin, a daddaɓe shi lumui don ƙwallo shi gangara. Aikin Attahiru ke nan, kullum shina jan buhu bisa. Baƙar ƙasar da kuka gani ita ta, kuma man nan na yah hana ciyawa tsira, ba wata karama ba.

Ina da jar akuya da innata tab ba ni ranar da za a kawo ni ɗaki. Ita kaɗai ta abin da na zo da shi daga gidanmu mai numhwashi. In kewa ta kama ni ita nika yi ma magana. Bayan Turawa sun tahi, tana da ciki, taj je tana lasar ƙasar nan. Kahin Attahiru shi iso da wuƙa ta mutu, anka ja ta daji. Shi na kukan. Don kada ta wani ta bi sawu, na kwaso duwatsu na kewaye inda man yaf hi yawa, Attahiru yas sa ƙaya. Duwatsun ba su isa in zagaye duka ba, shi yas sa abin yay yi tsawo. Kudu da arewa kuwa wallahi ban duba ba, mai kuka ba ta duban alƙibla. Na sha jin ana Kushewar Baƙo, na zaci wata ta can daban.

Na san Liman ba shi barin a yi tono bisa maganar tsohuwa, kuma ya yi daidai. Ba sai an tona ba. Ramin na tara shina nan tsakiya, da gwangwanin ƙarhe ciki, Attahiru bai cire shi ba. A share ƙasar sama kawai za a ga bakinshi. In kun gani, ku kwashe baƙar ƙasar ku kai nesa kahin ku yi gini, kada ɗiyanka su ci.

Wagga takarda ka karance ta har ƙarshe kai ɗaya, sannan ka buɗe baki.

Innonka, Bilkisu.

Unguwar Ramu Tara, Goronyo.
Ranar Asabar.

Zuwa ga mai girma Inno Bilkisu, wadda ta kafa wurin ziyara ba da saninta ba.

Assalamu alaikum. Mun yi murna da jin zazzaɓi ya sake ki, Allah ya ƙara sauƙi. Baba yana gaishe ki. Ya ce hawayensa ba su tafi a banza ba, ya maishe su ga akuyar.

Na bi umarninki, na karanta takardar ni kaɗai har sa hannu, na duba bayanta ko akwai ƙari, sannan na kai wa Liman. Ya daɗe yana shafa gemu. Ya ce, "Shara dai ba tono ba ce. Amma ba kai za ka share ba, don idonka bango yake gani. Mairo ke sharar wurin, ita za ta yi." Anka tsayar da safiyar Juma'a.

Rabin unguwa ya hallara, Malam Abdulƙadiri na tsaye can baya da hannu a baya. Gwaggo Mairo ta zo da tsintsiyarta, Liman ya yi mata bayani. Ta saurara. Sannan ta tsallaka ɗan ginin da duwatsun, ba ta yi dube-dube ba, ba ta ko sa tsintsiya ba. Ta nufi wuri ɗaya ta durƙusa, ta kau da ƙasa da tafin hannu. Sai ga bakin ƙarfe, zagayayye, ya yi tsatsa.

Jama'a sunka ɗauki salati, daga nan sunka ɗauki dariya. Wata ta ruga gida ta ɗago kazarta ta kawo farin ƙwallo. Aka matsa wa Mai unguwa sai ya gwada sandar ubansa. Ya juya ta, ya gyara babbar riga, ya daɗe yana kallon ƙwallon kamar yadda kika kwatanta, ya kai duka. Ƙwallo bai motsa ba, ƙasa ce ta tashi ta cika wa ladan hula. Liman ya ce a shaida, babu kushewa a nan, ɗan Faruk ya yi gininsa. Malam Abdulƙadiri ya matso ya auna filin da ƙafa, ya ce mani, "Taga ta dubi gabas." Bai ƙara ba, ni ma ban nemi ƙari ba.

Amma Inno, Babban Mai Bincike ya ga abin da sauran ba su tsaya gani ba. Da jama'a sunka watse na iske Gwaggo Mairo gindin tsamiya. Na durƙusa na ce, "Gwaggo, ya anka yi hannunki ya tafi kai tsaye?"

Ta ce, "Mai shara ai ta san ɗakinta. Tun shekarar da na fara na gan shi. In iska ta buɗe, in maida ƙasa."

Na ce, "To kin san babu kowa ciki?"

Ta ce, "Na sani, ɗan nan. Habibullahi ma ba shi cikin kowace kushewa. Jirginsa ya kife a dam, anka yi ta nema, ruwa bai maido shi ba. Kowace mace in ta yi kewar nata ta san inda yake kwance, ni sai in dubi ruwa. Da na ga wurin da babu mai shi, sai na ce bari in riƙa sharewa, in zauna in yi mishi addu'a. Ban ce ma kowa nashi ne ba. Ban kuma san ɗakinka nika tarewa ba sai bana, na rasa ta inda zan fara."

Na buɗe baki in ce na fasa ginin. Ta ɗaga mani hannu. Ta tashi ta ɗauki dutsen farko da kanta, ta kai inda Malam Abdulƙadiri ya auna da ƙafa, ta ajiye. Ta ce, "Addu'a tana iske shi ko daga ina. Ka kawo yarinyar mutane ɗakinta."

Mun kwashe baƙar ƙasar mun kai nesa. Tubalin da anka ara daga wurina ya dawo gida. Bango ya kai kafaɗata, kuma har yanzu akwai albasar da ba a cire ba. Gwangwanin na bar shi inda Attahiru ya kafa shi, ya faɗo daidai bakin ƙofa. Mashkura ta ce in ta zo za ta ga ko ya yi turken tsintsiya. Duwatsunki kuwa ban sa su a harsashi ba. Na sa magini ya yi dakali da su jikin bango, ɓangaren da ke kallon dam.

Idan hanya ta lafa, ofishina yana gayyatarki biki, ki zo ki nuna mani sauran ramuka takwas, domin na fara zargin wurin da ake ɗaure jakuna a Rami na Shida.

Jiya Juma'a Gwaggo Mairo ta zo da tsintsiyarta kamar kullum. Ta share ƙofar ɗakin da ko rufi ba a yi masa ba, ta zauna bisa dakalin, ta fuskanci ruwa. Na tsaya ina laluben kalmar da ta dace, Inno, cikin dukan manyan kalmomina ban samu ko ɗaya ba. Sai na shiga gida na kawo mata tabarma.

Naki har kullum,
Mujaheed Faruk.